Ranar da Na Kama Ɓarawon Shinkafar Kwamiti

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min sunayen jikokina, da shekarar da aka damƙa min mukullin ɗakin ajiya na bikin ranar ma'aikata. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba. Yawancin waɗanda suka san shi sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma haƙoransu sun zube, ko sun yi dariya yanzu ba ta da zafi.

Ni ɗinkin buhu na yi a Bompai, nan Kano, shekara da shekaru, tun ana tara gyaɗa har aka daina. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa cutata a wajen awo ba. In mutum ya wuce ni da kaya a ka, kafin ya sha kwana na san nauyinsu. Matan unguwarmu a Sharada sukan rage murya in na shigo gidan suna, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Mijina, Allah ya jiƙansa, a masaƙa ya yi aiki. Yana cikin waɗanda suka taɓa tsayawa a bakin ƙofa suka ƙi shiga, sai an ba su lokacin salla, an bar wa Kirista Lahadinsu, an daina korar mace don ta yi ciki, an kuma biya wanda inji ya cinye wa yatsa. Duk shekara, ranar ɗaya ga watan Mayu, ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai sukan haɗu su yi jerin gwano zuwa cikin gari, a tuna da irin waɗannan mutane, a kira sunayen waɗanda suka rasu, sannan a dawo a ci abinci. To, abincin nan shi ne wahalar. Jawabi dai kowa yana da nasa a baki, kyauta. Amma ciyar da mutanen da suka taka ƙasa cikin zafin bazara, sai an fara shiri tun da wata uku.

A shekarar da nake magana abubuwa sun tsuke. Ana ta rage ma'aikata, shinkafa kuwa sai an bi layi. Masu kamfanin da a da sukan aiko da buhu biyu ko uku don a ce sun yi, suka ce bana a yi haƙuri. Sai kwamitin shirya bikin ya ce a yi karo-karon kayan abinci. Kowa ya kawo abin da ya samu, kwano ne, rabin kwano ne, kwalbar mai ce, a tara a wani ɗaki da ke bayan ofishin ƙungiyar ma'aikata a Sharada. Aka ce ana neman mai tsaron ɗakin, wanda ba ya jin nauyin kowa. Ba a ma ɗaga hannu ba. Kowa ya waiwayo ya kalle ni.

Shugaban kwamiti Malam Habu ne, ma'aikacin kamfanin fata a Challawa, mutum mai sanyin magana. Sakatare kuwa Bulus, mutumin Filato, makaniken injin saƙa, yana zaune a Panshekara. Mama yake ce min, kuma bai taɓa wuce ni a kan keke ba sai ya sauka. Aka yi mukulli biyu, ɗaya a wajena ɗaya a wajensa. Na ce ban ga amfanin na biyun ba. Malam Habu ya ce haka ake yi tun da.

Ranar farko na kafa dokokina. Duk wanda ya kawo gudummawa, a juye ta a daro a gaban jama'a, a auna da kwanona, ba da kwanon da aka buga wa gindi ya shige ciki ba. In buhu ya cika, ni zan ɗinke bakinsa da hannuna. (Ku riƙe dokar daron nan. Ni na kawo ta, babu wanda ya roƙe ni.)

Sati uku komai lafiya. A na huɗu na shiga da safe, na tarar da ɗinkin buhun ƙarshe ba nawa ba ne. An farke, an mayar, irin ɗinkin namijin da yake sauri. Na ɗaga buhun na jijjiga, na san an kwashi fiye da kwano goma. Sati na gaba ma haka.

Ban gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci layin ya yi tsit, na je na zauna a bayan wata tsohuwar mota da ke fake, na rufe fuska da mayafi kamar mai jiran wani. Can sai ga Bulus. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya buɗe, ya shiga. Da ya fito yana ɗauke da ƙunshi uku, ya ɗaure a bayan keke. Na bi shi da ƙafa, tsohuwa da silifa ɗaya mai tsinkakken hanci, har na ga ya kutsa unguwarmu ta wajen shagon mai awo, ya ɓace min. Na tsaya ina haki na ce, shi ke nan, sayarwa yake yi. Har lokacin sallar mutane ya zaɓa.

Abin da ya fi ci min rai, mukulli yana hannuna. In aka zo ranar biki shinkafa ta gaza, sunana za a fara kira. Sai Allah ya kawo sauƙi. Tun rasuwar mijina, duk shekara a daidai wannan lokaci, 'yan'uwansa na Kura sukan aiko min da shinkafa ta hannun maƙwabciyata Ladi, wadda take zuwa cin kasuwa can. Da ta kawo min a jakar fulawa, ban ɗibi ko cokali ba. Na kai ɗakin ajiya na juye a buhu, na ɗinke. Bayan sati sai ga Ladi da wata jakar, wai bana sun samu albarka. Ita ma na kai. (Na san a nan wani mai karatu ya riga ya gano. To, Allah ya ƙara basira. Ni da nake ganin ɗinki ɗaya da ya karkace a cikin ɗari, ban gano ba.)

Daga nan na ɗana tarko. Ranar Alhamis na samo 'ya'yan tsamiya guda bakwai, na tura su cikin shinkafar saman buhun. Juma'a ya zo ya ɗiba. Asabar da sassafe na isa shagon mai awo, wai ina taya shinkafa, na zura hannu a buhunsa har gwiwar hannu ina dama ta. Ya ce, “Iya, saya za ki yi ko wanka?” Ban samu komai ba, na ce a raina ya ɓoye ta a cikin shago. Ina dawowa gida na tarar Ladi ta ajiye min jaka ta uku. Ban ko kwance ta ba, na ɗora a ka, don ranar ce ake taron ƙarshe kafin biki.

Bayan la'asar aka haɗu a wani ajin makarantar firamare. Wakilan Challawa a gaba, na Bompai a jikin taga, namu na Sharada a baya, manyan mutane sun matse a bencin yara. Aka yi maganar masu ganga, da motar da za ta ɗauki tsofaffi, da itace. Da aka zo kan abinci na miƙe.

Na ce akwai ɓera a ɗakin ajiya, kuma ɓeran yana da keke. Na faɗi ranar, na faɗi lokacin, na faɗi yawan ƙunshin, sannan na nuna Bulus da yatsa. Ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, ga shi nan, jikinsa ya ba shi.

Malam Habu ya ɗan taso, ya ce a hankali, “Iya, don Allah ku zauna. Maganar nan ta gefe ce, in an tashi zan same ku.”

Na ce, “Malam Habu, a gaban jama'a aka tara, a gaban jama'a za a ji.”

Ya yi min ido, ya girgiza kai, har hularsa ya gyara sau biyu. Na ɗauka ko da shi ake rabawa.

Ajin ya hargitse. Mutanen Bompai suka ce a ba su buhunsu su tafi, ba za su yi tattaki a bayan ɓarawo ba. Wani ya ce a cire Bulus yanzu, wani ya ce hedikwatar 'yan sanda tana kan hanyarsu, sa sauke shi. Na ga aikin wata uku zai watse, na ga kuma mutumin nan zai rasa sunansa har a wajen aiki, amma maimakon in ji tsoro sai kaina ya ƙara girma. Na ce su kwantar da hankali, ina da shaida. Duk inda shinkafar nan ta shiga a garin Kano, za a samu 'ya'yan tsamiya bakwai a cikinta, ni na zuba da hannuna. A je a bincika, wanda aka same su a wajensa, shi ne.

Da na tsaya a nan, da ƙila na tsira. Amma sai na so in ƙara gishiri. Na jawo jakata na ce su duba, ni da ba ni da miji, ba ni da albashi, wannan ce gudummawata ta uku, alhali masu albashi suna kwasa. Na ce a miƙo daro. Na kwance, na ɗaga sama yadda na baya za su gani, na juye.

Shinkafa ba ta yin ƙara a daro. Ɗan tsamiya yana yi. Ƙwas. Sai wani ƙwas. Suka gangaro gefe, jajaye, suna sheƙi.

Wani dogon lebura daga Bompai ya leƙo, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a tafin hannu. Ya ce, “Iya, huɗu ne. Ina kuka ajiye ukun?”

Ban san ajin firamare yana iya ɗaukar dariya haka ba. Ni kuwa ina tsaye da jakar fulawa a hannu, bakina a buɗe. Da dariyar ta lafa sai kallon ya sauya, na ji wata daga baya tana cewa ashe mai mukullin ce, shi ya sa take hana kowa shiga.

A nan Bulus ya miƙe. Ya ce, “Mama ba ta ɗauki ko ƙwaya ba. Ni na ɗiba, ni na kai. Shugaba, sai dai ka faɗa musu, tunda abin ya kai haka.”

Malam Habu ya yi bayani yana kallon ƙasa. Tun da aka fara bikin nan, kafin a hura wuta, ana fitar da wani kaso a kai gidajen waɗanda za a kira sunayensu a filin taro. Shugaba da sakatare kaɗai suke sani, don kada matar mutum ta tsaya tana yi wa kowa godiya a kan abin da mijinta ya tsaya a rana dominsa. Sauran matan a kan ajiye musu a zaure a wuce. Ni kuwa, ya ce, kowa ya san in aka ajiye min, sai na bi sawun keken na mayar, shi ya sa aka roƙi Ladi ta ce daga Kura ne. Bana da aka ga na rame, kuma ba a ga hayaƙin kirki a gidana ba, aka ce a ƙara min.

Shekara shida ke nan. Shekara shida ina aika gaisuwa Kura, ina yabon dangin miji a gidan biki, har daddawa da kuka nake ƙullawa in ba Ladi ta kai musu tukwici. (Ladi ta sha miya, Allah ya yafe mata. Ni na yafe bayan wata biyu.) Kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda aka yi manoman Kura suke noma doguwar shinkafar nan 'yar ƙasar waje ba.

Mutanen Bompai suka zauna. Dogon nan ya ce a ƙara rabin buhu daga wajensu a kan kason matan, ya kuma roƙi a bar masa 'ya'yan tsamiyar. Na so ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba, sai da na zauna a bencin nan har aka shafa fatiha.

Washegari Lahadi na hau motar Panshekara. Na zauna a ƙofar gidan Bulus har suka dawo daga coci. Ni da ban taɓa durƙusa wa wanda na girma ba, na kai gwiwa ƙasa. Ya yi sauri ya ɗaga ni, matarsa ta kawo ruwa. Na ce ya yafe min, na ɓata masa suna a gaban mutane.

Ya ce, “Mama, sunan ya dawo tun jiya. Abin da ban gane ba shi ne buhun nan. Sati biyu ina ɗiba, in dawo in tarar ya ƙaru. Har na gaya wa matata ko in kai maganar wajen fasto.”

An yi biki lafiya, abinci ya isa har ya yi saura. Da aka kira sunan mijina na ja mayafi na rufe fuska, rabi don kuka, rabi don mutanen Bompai suna kusa.

Har gobe ina sa ido, wannan ba zan daina ba, halitta ce. Abin da na koya kawai shi ne, idona yana aiki sosai a kan kayan mutane, a kan tukunyata ne yake makancewa. Kuma in na miƙe a taro na ga mutum mai sanyin magana yana cewa in zauna, yanzu zama nake yi, in bar abin da na gani ya kwana tukuna.