Ranar da Kaka Ta Yi wa Iska Waƙa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan manta sunana, ranar da na sa kakata ta yi wa iska waƙa.

Lokacin na gyara wani ɗaki a gidanmu na Matameye, na manna kwalayen ƙwai a bango, na ce ai shi ke nan na zama mai sutudiyo. Saura tabul ɗin miksaj, na'urar nan da ake jona mikro a jikinta a daidaita sauti. Na hau mota sai Damagaram. Mai kanti ya nuna min wata 'yar ƙarama da ake haɗawa da ordinatar, wato kwamfuta, na yi mata kallon banza. Idona yana kan wata ƙatuwa irin ta da, maɓallai birjik. Ya fara yi min bayani, na katse shi, na ce na san aikina, na biya na ɗauko ta. (Wallahi ko a mafarki ban taɓa murɗa irinta ba.)

Duk don Kaka nake wannan rawar kai. Tana da wata waƙar niƙa da ta koya tun tana budurwa a Ɗan Barto, wadda ke jero sunayen kakanninmu, kuma babu mai iya ta sai ita. Amma tun da ta dawo daga Makka ta ce ta ajiye waƙa. Na yi naci har ta gaji, ta ce sau ɗaya tak, don mijinta ne ya roƙa (haka take kirana).

Ranar gidan ya cika, har da maƙwabta. Kaka ta zauna gaban mikro, ta lumshe ido, ta fara. Fitilun tabul suna ta rawa, ni kuma ina murɗe-murɗe ina gyaɗa kai kamar gwani. Mahaifiyata har da hawaye.

Da ta gama ta gyara mayafi ta ce, “To maigida, sa mu ji.”

Na danna nan, na danna can. Shiru. Na kira mai kanti a waya a gaban kowa, ya ce ai abin da ya so faɗa min ke nan: wannan haɗa sauti kawai take yi, ba ta ajiye komai, sai an jona mata abin ɗauka.

Kaka ta yi dariya har da buga cinya. “Ashe mijin nawa rariya ya sayo.”

Na roƙe ta ta sake, ta ce sai bayan girbi. Ba ta ga girbin ba.

Yau ina da duk abin da ake jonawa. Wani lokaci nakan kunna tabul ɗin, in yi ta laluben baitin farko, in maƙale a suna na uku. Ina kewarta ƙwarai. Yanzu ko tocila zan saya, sai na bar mai kanti ya gama maganarsa.