Ras Tanimu da Sutudiyon Jamaika

Wani mutum ne a Jos ana ce masa Tanimu, amma in kana so ya waiwayo sai ka ce Ras Tanimu. Gashi a murɗe har kafaɗa, baki kuwa kamar shi ya haifi kiɗan rege. Ya ɓace kwana biyu, ya dawo ya ce daga Jamaika yake, can ya naɗo waƙa. Mutumin da ko Bukur da ke nan gefen Jos zai je sai ya yi bankwana da dangi.

Ana nan sai Bulus, mai shirya wasan ƙarshen shekara, ya ce yana neman mawaƙin da zai buɗe fage. Tanimu ya rantse fagen nasa ne. Muka cika shagon Bulus, aka haɗa wayar Tanimu da sifika.

Dum... cak! Dum... cak!

"Tsaya," in ji Tanimu, ya danne waƙar. "Kun ji? Bugun farko ba a taɓa shi, fayau ake barinsa. Sai a na uku ganga take faɗowa, tim. Jita kuma a tsakani take sara. Ku nan kun saba da kiɗan gwangwani."

"To wannan amon da ke bin muryarka fa?" in ji Bulus.

"Ɗaki ne na musamman, bango duk tayil. Sai manya ke shiga."

Haka ya dinga yi, ya kunna ya kashe ya yi mana lacca. Ashe tun da mai haɗa sauti ya dawo masa da waƙar, shi kansa bai taɓa jin ta har ƙarshe ba, surutu bai bar shi ba. Bulus ya gaji, ya ƙwace wayar. "Ras, bari waƙar ta yi magana."

Aka kai inda 'yan rege ke janye kayan kiɗa, a bar bes, amon nan mai kauri, shi kaɗai yana gurnani, kowane sauti yana amsa kuwwa. Sai muka ji ƙwan! ƙwan! ƙwan!

"Gangar gargajiyarsu ce," in ji Tanimu, yana kai hannu zai kashe wayar.

Sai murya ta fito tar, da amsa kuwwarta: "Tanimu... nimu... nimu! Ka fito daga banɗakin nan... nan... nan! Yara za su makaranta, kai kana ciki kana ihu da jita... ta... ta!"

Ba wanda bai san muryar ba. Maman Rifkatu ce, mai gidan da yake haya a Tudun Wada. Shago ya kaure da dariya, wani har da faɗowa daga benci.

Bulus ya share hawaye, ya miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ras, na samu mai buɗe fage. Ka gaya wa Maman Rifkatu ta shirya. Duk waƙar nan ita kaɗai ta hau kan kiɗa daidai."