Sifilin Yaya

Wani ne, kada ku tambaye ni ko wane ne, amma takalminsa daidai ƙafata. Yayansa ya rasu ya bar masa ɗaki, da kujera mai gurguwar ƙafa, da littafin bincike na digirin lissafi. Har yanzu rigar marigayin na rataye a bayan ƙofa, idan iska ta shigo sai ta ɗaga hannu kamar za ta yi sallama.

Bayan sati biyu malamin Yaya, wani farfesa, ya bugo waya. "Yaro, kawo min littafin nan gobe. Idan aikin ya cika, za a buga shi da sunansa."

Gogan ya buɗe littafi. Babu lamba ko ɗaya, sai kibau, wannan na harbin wancan. Ƙarshen kowane shafi kuma: daidai da sifili. Shafi saba'in, sifili saba'in.

Umma ta leƙo, idonta jajir. "Auta, yayanka ya yi ƙoƙari ko?"

"Sosai, Umma."

Ta fita, ya tura ƙofa. Ya ce, "Yaya, ashe haka kake fama ba ka faɗa ba? Wallahi ba za a yi maka dariya kana kwance ba." Ya ɗauki biron marigayin, ya bi kowane sifili ya dasa masa ɗaya a gaba. Inda rubutun ya yi kyau, ya ba shi ɗari.

Washegari ya kai littafin, farfesa ya buɗe, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ɗan gyara ne, ranka ya daɗe. Ƙari na yi masa."

"Ƙari? A fannin da ko tarawa babu?" Ya dafe kai. "Saurara. Gida biyu ne. Kowane abu ana tsaga shi, ɓangare na wannan gida, ɓangare na wancan. Duk kibiyar da ta tashi daga gidan farko zuwa na biyu, dole ta zama sifili. Abin da yayanka ya tabbatar ke nan! Yanzu sai na bi shafi saba'in ina kankare ɗaya-ɗayanka. Shekara huɗu muna neman sifilin nan!"

Gogan ya share hawaye da hannun riga.

"Shekara huɗu, ranka ya daɗe? Ai da ni kuka ɗauka. Ni kowane zangon karatu nake kawo shi gida."