Rasuwar Mai Tururi, Tukunyar Ruwan Zafi ta Gidan Malam Bubayero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da ruwan alwala ya ƙandarar, Malam Bubayero na Toranke ta ƙasar Ajingi, a madadin kansa da mai ɗakinsa Hure da sauran iyalin gida, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar tukunyarsa ta dafa ruwa, wadda matan unguwa suka fi sani da Mai Tururi. Ta cika ranar Talatar makon jiya bayan sallar asuba, a makwancinta, bayan doguwar jinya.

Liman Uwais ya riga ya ja wa Malam kunne cewa ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa salla, ba a nema masa gafara. Malam ya karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu. Abin da ya roƙa kawai a bar shi ya faɗi halinta, tun da ko jaki ne ya mutu akan tsaya a ce ya yi aiki.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiya ba tukunyar girki ba ce. Tanki ne na baƙin ƙarfe mai kauri, a tsaye, ta kere wa mai gida tsawo, kuma mutum biyu ba sa rungume ta. A ƙarƙashinta akwai murhu, a kanta bututun hayaƙi, a cikinta famfon tagulla. A cika ta da ruwan rijiya da yamma, a hura mata wuta da asuba, kafin rana ta ɗaga ta ba gida da maƙwabta ruwan zafi har ya yi saura. Ba ta taɓa neman itace ba. Ɓawon gyaɗa da karan dawa su ne abincinta, kuma ba a taɓa jin ta raina su ba.

Babu wanda ya san shekarunta. A ƙirjinta akwai ɗan allon tagulla mai rubutun boko, wanda Malam, da yake bai yi nisa a firamare ba, ya iya tsintar wasu haruffansa, sauran kuma zamani ya lashe. Shi dai ya yi imani ta taɓa zama a cikin jirgin ruwa, domin in ya kara kunne a jikinta da la'asar yakan ji motsin teku, ko da yake bai taɓa ganin teku ba.

Sun haɗu ne a Gaya, shekarar da aka yi gwanjon kayan gidan wani kwara, baƙon attajiri mai sayen gyaɗa. Malam ya fita da niyyar sayen jaki, ya dawo da ita kwance a amalanken shanu. Hure, wadda lokacin tana goyon fari, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, “Malam, to ta ina ake ɗora mata mangala?” Dama gidan ya saba da irin wannan saye, akwai agogon bango marar hannu da ƙwan jimina da fitilar jirgin ƙasa, duk a ɗakinsa. Amma a cikinsu duka ita kaɗai ce ta biya jakin da ba a saya ba.

Ya girke ta a kusurwar gida, bayanta bangon masallacin unguwa, gefenta katangar maƙwabcinsa Baffa. Da Hure ta fara ciwon gwiwa, sai wata dabara ta zo masa. Ya gina mata sabon ɗaki a gaban tukunyar, bango na jingine da murhu, domin ɗumi ya riƙa ratsa ƙasa ya iske ta a gado. Ya bar ɗan siririn lungu a gefe, daidai wanda zai bi a karkace da kwandon ɓawo a ka. Magina sun yaba, Baffa ya leƙo ta katanga ya ce wannan aiki sai mai ilimi. A cikin duk waɗanda suka taya kwaɓa ƙasa, babu wanda ya tambaya ta ina za ta fita in ranarta ta zo.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kawaici, marar yawan magana. In wuta ta kama sai ta fara da ƙas, ƙas, kamar tsohuwa tana miƙa. Daga nan ta shiga gurnani, gurrr, gurrr, ƙasa ƙasa, wanda kajin gida suka ɗauka kiran sallarsu ne. In ruwa ya yi sai ta ce fiii ta hancin bututu, sau ɗaya tak, ba ta maimaitawa. Tsakanin gurnani da fito kuwa akwai wata ƙara da ba tata ba. Duk asubar da ɗumi ya ratsa bango, Hure takan ƙwanƙwasa da bayan ludayi, ƙwan, ƙwan, Malam ya ji daga lungu ya san saƙo ya isa. Shekaru masu yawa wannan ce gaisuwarsu ta safe.

Babban aikinta na alheri shi ne wankan jego. Kowa ya san abin da kwana arba'in na ruwan zafi safe da yamma ke yi wa magidanci, yadda yake bin daji yana neman itace har ya manta sunan jaririn. A unguwar Malam ba a san wannan wahala ba. Mace ta haihu, sai a aiko da bokiti da ganyen darbejiya, Mai Tururi ta cika. Akwai mutanen da yanzu suke da furfura a gemu, waɗanda iyayensu mata suka yi jegonsu da ruwanta, suna wuce ƙofar gidan ba su sani ba.

Ciwon ajalinta ya fara da ɗigo. Malam ya liƙe da ƙaro. Ɗigo ya dawo, ya liƙe da kwalta da tsumma. Aka kawo mai gyaran fitila daga kasuwar Ajingi ya ɗiga mata dalma, ta samu sauƙi damina guda. Daga baya gurnaninta ya koma tari, tsatsa ta fara fita a ruwa har fararen kaya suka daina zuwa wurinta. Ranar Talata Malam ya hura wuta kamar kullum, ta yi ƙas, ƙas, ta ja gurnani rabi, sai ƙasanta ya buɗe. Ruwan da ta kwana da shi ya zubo a kan garwashi, ta kashe wutarta da kanta, toka ta tashi ta cika lungu. Ran nan ludayi bai taɓa bango ba.

Ta rasu ta bar famfonta na tagulla, wanda har yanzu yake juyawa lafiya, da bututun hayaƙi, da bokitai da dama na gida da na aro, da wata kyanwa da ta rasa wurin kwana. Ta bar Hure, wadda tun ranar take salla a zaune. Ta kuma bar Haulat, jikar da Malam da Hure suka riƙa tun yaye, wadda aka kawo daga gidan mijinta a Gafasa goyon ciki, watanta ya tsaya, ana sa ran saukarta yau ko gobe. Mahaifiyar Haulat da ruwan Mai Tururi ta yi jegonta. Ita kuwa ga ta ta iso ta tarar da murhu a jiƙe.

A nan ne jama'a za su fahimci abin da ya sa wannan sanarwa ta yi jinkiri. Malam bai yarda ta mutu ba. Ya aika Gaya aka ɗauko Kamilu mai walda, ya shiga lungu a karkace, ya kwanta a toka ya haska ƙasanta. Ya fito ya ce za ta gyaru, amma sai an kifa ta, kuma ba ta kifuwa a nan, sai an fito da ita fili. Aka duba baya, masallaci. Aka duba gefe, katangar Baffa, da rumbunsa jingine da ita. Hanya ɗaya ce ta rage, ta cikin ɗakin Hure, kuma bangon da za a fasa shi ke ɗauke da azarar rufi. Ko an yi duk wannan, in ji Kamilu, ba zai rantse ba, domin inda ya ƙwanƙwasa duk amsa ɗaya yake ji, wataƙila ta yi shekara goma, wataƙila ta yi sati. Ya ce in an so zai yayyanka ta a inda take a fitar da ita gunduwa gunduwa. Malam ya ce a kawo wa baƙo ruwa, ya canza magana.

Muzammil, babban ɗan gida, ya bugo waya daga Kano ya ce zai aiko da hita ta lantarki a motar haya. Aka tuna masa cewa wuta a nan baƙuwa ce, in ta zo ma ba ta zama a sha ruwa. Ya ce to mai aiki da rana, wadda ake ɗorawa a kan rufi. Malam ya ɗaga kai ya dubi rufin ƙasa da azarar da gara ta ɗanɗana. Sai durom, irin wanda Kamilu ke fasawa ya sa masa famfo. Shi zai ba Haulat ruwa, amma ba ya shiga lungu, kuma daga tsakar gida ba zai aika wa gwiwar Hure ko gaisuwa ba.

Hure ta ce a rushe ɗakin, ita ta kwana a ɗakin girki, ai ba yau ta fara ba, yarinya dai ta samu ruwa. Haulat ta ji, ta dafa ƙugu ta fito, ta ce wallahi in aka taɓa ɗakin Inna saboda ita, a ranar za ta koma Gafasa ta yi jego da ruwan randa. Sannan ta juya ga kakanta ta ce, “Tsoho, kai ka kulle ta ko ita ta kulle ka? Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ka kwana a wani gari ba.” Malam ya ce amaryar da ta yi nauyi haka ba ta da bakin yi wa ango gori. Aka yi dariya, amma da kowa ya watse shi ya zauna a bakin lungu har la'asar, yana duban abin da ba ya fita, ba ya gyaruwa, ba ya kuma barin wani ya shiga. Ranar kasuwar Ajingi ya je ya tsaya a kan duromomi, ya ƙwanƙwasa ɗaya ya kara kunne. Babu teku a ciki. Ya dawo hannu wofi, Hure ba ta tambaye shi ba, kuma rashin tambayar ya fi masa ciwo.

Jiya da asuba sabo ya yi aikinsa. Malam ya dawo daga masallaci, ƙafarsa ta kai shi ga buhun ɓawo, ya cika kwando, ya bi lungu a karkace, ya hura wuta. Sai da harshenta ya tashi ya tuna ba kowa a sama. Ya zauna a wurin don kunyar fita. Ƙarfe ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ba gurnani, ba fito. Ya jima yana kallon garwashi a ƙarƙashin ramin da ya kashe ta, har ya fara tattara kwando zai tashi, sai ya ji ƙwan, ƙwan, a bango.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Ba za a ɗaga gawa ba. Za ta zauna inda take, ɗakin Hure kuma ba mai taɓa shi. Ranar Asabar da hantsi Kamilu zai zo ya cire famfon tagulla ya dasa wa sabon durom, wanda za a ɗora a kan duwatsu a tsakiyar tsakar gida domin jegon Haulat da na duk wadda ta biyo bayanta. Hure ta kafa sharaɗi, kuma liman shaida ne, cewa ba za a gina komai a kewayen wannan durom ba, ko da zana ce.

Ana zaman karɓar gaisuwa a zauren Malam daga bayan azahar zuwa la'asar. Mata su shiga ciki wurin Hure, musamman waɗanda suka taɓa aiko da bokiti, kuma wadda ta san nata yana nan ta ɗauka. Mai son ganin marigayiya ya bi lungu shi kaɗai, a karkace, masu jiki kuwa su yi sallama daga baki, za ta isa. Ba a karɓar kuɗin ta'aziyya. Wanda Allah ya hore wa ya zo da ɓawon gyaɗa, domin yanzu wuta biyu gidan ke ci, ɗaya ta mai rai, ɗaya ta mamaciya.

Ana roƙon kada kowa ya zo da asuba. Lokacin Malam yana cikin lungu, a zaune gaban tukunyar da ba ruwa, yana jiran ludayi.