Rasuwar Ɗan Ratse, babur ɗin Malam Zailani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da ba su saba tafiyar ƙasa ba, Malam Zailani Oumarou, malamin labarin ƙasa a lakwal, wato makarantar boko, ta unguwar Harobanda, da mai ɗakinsa Halimatou, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Yamai, Tasawa da Maraɗi rasuwar babur ɗinsu, wanda unguwa ta fi sani da Ɗan Ratse. Ya cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, bayan doguwar jinya, yana da shekara goma da 'yan kai a hannun Malam. Shekarun da ya yi kafin nan, Allah kaɗai ya sani.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Wani Bature mai haƙa rijiyoyi ne ya sayar wa Malam shi da zai koma ƙasarsu, kuma ga alama a hannun wannan Bature ya ɗauko halin da ya mutu da shi na ƙin kwalta. Malam ya saye shi ne don zuwa aiki da dawowa, kamar kowane ma'aikaci mai hankali. Amma tun Lahadin farko da shi da Malam suka fita shan iska ta hanyar Say, suna ganin wata 'yar hanyar shanu ta ɓalle ta dama, sai ga su a kanta. Malam ya sha rantsuwa cewa kan babur ne ya juya da kansa. Halimatou takan ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin babur ya fita yawo ya bar mai shi a gida ba. Ba a raba wannan gardama ba har marigayin ya koma.

Ya kasance mai haƙuri, mai ƙanƙantar ci. Isansi kaɗan, wato fetur, ke isarsa wuni. Da safe sai an buge shi sau uku, a na farko ya ce kyas, a na biyu ya yi tari, a na uku ya kama tuf-tuf-tuf ɗin nan nasa mai nauyi da maƙwabta suka daɗe suna saita tashinsu da shi. Bai taɓa gudun rairayi ba. Bai taɓa raina ƙauye don ƙanƙantarsa ba.

Shi da Malam ne suka bi bayan tsaunukan da ke hayin kogin Isa lungu-lungu, a lokacin da abokan aikin Malam ke kwance a inuwa suna shan shayi. Ba su da wata taswira da ta wuce ta bangon aji, wadda ba ta san burtali ba. Sukan bi sawun jakai, don Malam ya yi imani cewa inda jaki ya bi da kaya akwai mutane a ƙarshensa. Sukan bi busasshen rafi har ya ƙare. In sun rasa gaba da baya, Malam ya tsaya ya tambayi mata masu ɗauko itace da ɗan guntun Zabarmancinsa, wanda bai wuce gaisuwa da godiya ba, su kuwa su nuna masa da haɓa su ce ba nisa. Wannan ba nisa ɗin ya taɓa kai su wani biki da ba a gayyace su ba, aka zaunar da Malam gaba-gaba a zaton wakilin gwamnati ne, ya ci tuwo ya sa wa ango albarka ya tafi. Ya kuma kai su kan wani dutse da suka fi so duk duniya, inda in mutum ya kashe inji yakan hango kogi ya karkace a ƙasa yana ƙyalli, da giginyu a bakinsa, da kwale-kwale ɗaya kamar an ajiye tsinke. A nan Malam kan zauna yana kallo, marigayin na gefensa yana ƙas-ƙas-ƙas yana hucewa.

Marigayin ya taɓa shiga hannun hukuma. Wata rana sawun da suke bi ya sauke su tsakiyar wani fili da sojoji ke atisaye. Aka tsare su ƙarƙashin gawo. Wani sajan ya juya takardun Malam gaba da baya, ya tambaye shi abin da ya kawo shi, Malam ya ce kallon ƙasa ya zo. Sajan ya ce shi ma a ƙasar nan aka haife shi, kuma bai taɓa jin wanda ya ƙona isansi don ya kalli dutse ba. Da ya ga babu wata magana a cikin Malam sai wannan, ya ce to bari ya gwada abin da kansa ya ji. Ya hau, ya murɗa, marigayin ya yi ɓarrr ya shiga da shi rairayi ya kwantar da shi a hankali gaban yaransa. Nan take aka sallami Malam, da sharaɗin kada a sake ganinsa kuma kada a ji labarin a gari. Malam ya cika sharaɗin farko.

Halimatou ta hau marigayin sau ɗaya tak don yawo, bayan an daɗe ana lallashinta da labarin dutsen nan. Ba su kai ba. A wani gangare ya zame ya juye su cikin ƙarangiya, ta dawo gida tana tsintar ƙaya daga zanenta har mako ya zagayo. Tun daga ranar in za ta ambace shi sai ta ce wancan abin.

A cikin waɗannan yawace-yawace ne suka san rugar Haoua, can bayan tsaunuka inda ko amalanke ba ya kaiwa. Duk lokacin da suka biyo, takan fito da ƙwaryar nono tun daga jin tuf-tuf ɗinsa, ta ba Malam, ta yi wa babur ɗin sannu da zuwa shi ma. Surukarta, tsohuwa Saratu, ba ta yarda da shi ba, takan ce abin da ke kuka ba ya cin ciyawa ba na kiwo ba ne.

Sai ga shekarar da ruwa ya ƙi. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba, mutanen arewa suka fara sauka a gefen Yamai da tabarminsu. Malam ya daɗe bai fita ba, don ya ce babu abin kallo a ƙasar da ke mutuwa. Ranar da ya daure ya je rugar, babu wanda ya fito da ƙwarya. Mijin Haoua ya kora 'yan shanun da suka rage zuwa kudu, bai dawo ba. Sauran mutane sun watse. Haoua ta tsaya saboda tsohuwa, wadda ƙafafunta suka kumbura ba ta iya takawa, kuma jakinsu ya mutu. Kamiyon, babbar motar da ke kawo dawar taimako, a bakin kwalta yake saukewa, tafiyar wuni daga inda suke.

Malam ya dawo gida ya faɗa. Halimatou ta shiga ɗaki ta raba abin da ke cikin buhunsu biyu, ta fito ta ɗaure rabi a bayan wancan abin da hannunta, ta ja igiyar ta ga ta yi ƙarfi. Daga nan kowace Lahadi marigayin ya zama jakin rugar, da hatsi a baya da jarkar ruwa a gefe. Da jikin tsohuwa ya tsananta, Malam ya ce sai disfansar, wato ɗakin shan magani. Haoua ta ɗora ta a bayansa ta ɗaure su tare da zane kamar goyo, suka taho da rana tsaka cikin rairayin da ya yi laushi har yana cinye rabin ƙafa. Inji ya yi zafi har ƙaurinsa na shiga hanci. Malam ya san in ya kashe shi a nan ba lalle ya sake tashi ba, kuma tsohuwar ta daina amsa kira, don haka bai tsaya ba. Marigayin ya yi ta gurnani yana haki, bai mutu ba sai a ƙofar disfansar. Washegari aka lallaɓa shi ya tashi, ya koma ya ɗauko Haoua.

Daga wannan tafiya ciwon ajali ya kama shi. Ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, muryarsa ta dishe, tuf-tuf ya koma kuf, kuf, da dogon shiru a tsakani. Likitansa, Haruna makanike na bakin gada, ya buɗe shi ya duba ya girgiza kai, ya ce kayan cikinsa sai daga Najeriya, ga shi an rufe iyaka. Ya yi iya ƙoƙarinsa da waya da gwangwanin sardin. Marigayin ya ci gaba da kai Malam lakwal, wani lokaci shi ke ɗauke da Malam, wani lokaci Malam ke tura shi.

Ranar Lahadin da ta wuce, da kogi ya ƙafe har mutane suna ratsa shi da ƙafa, Malam ya tsaya a bakin gaɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan hanya ce da kakanninsa ba su gani ba, kuma yana roƙon Allah kada 'ya'yansa su gan ta, amma tun da ga ta, ba a bar Ɗan Ratse bai taka ta ba. Suka gangara. Ya yi tafiya mai kyau, har ya ɗan yi gudu kamar da. A tsakiyar kogi ya ce kuf sau ɗaya, ya yi shiru. Malam ya buga, ya sake bugawa, har masu lambun Goudel suka ajiye butocinsu suka zo suka riƙe masa kafaɗa.

Ya rasu ya bar Malam Zailani, da hular kwano mai tsage, da famfon iska da bai taɓa aiki ba sai an tofa masa yawu. Ya bar Haoua, wadda mijinta ya aiko daga kudu cewa yana raye da saniya biyu. Ya bar tsohuwa Saratu, wadda ke zaune yanzu a tsakar gidan Malam cikin ƙoshin lafiya, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa girgizar wannan ƙarfe ce ta fitar mata da haƙorinta na ƙarshe.

Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya ja wa Malam kunne. Za a ɗauki gawar ranar Alhamis bayan la'asar daga gida zuwa rumfar Haruna, inda za a raba abin da ya rage nasa ga mabuƙata. Ƙafafun biyu an yi alkawarinsu ga masu lambun da suka turo shi gida, za su yi kurar ɗebo ruwa. Za a yi zaman gaisuwa a ƙofar gida kwana uku, akwai tabarmi, amma kowa ya zo da sukarinsa. Iyali na roƙon duk wanda zai zo a kan babur ya kashe shi tun daga bakin lungu ya turo. Har yanzu in Malam ya ji ƙarar inji yakan miƙe tsaye yana laluben aljihu.