Ɗaya Gabas, Ɗaya Yamma

A Tudun Gawo, zamanin da wayar salula ba ta kai hannun kowa da kowa ba, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura arba'in, ga ƙarfi ga gaskiya, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ɓare mata ɓawo. A gida su biyu ne, shi da tsohuwarsa Goggo Tasalla. Wansa Sallau ya yi fushi ya bar gari ba sallama, aka ce yana ɗinki a Jidda. Da ma ɗan fari ne, Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma kullum tuwon mutum uku take tuƙawa.

Nomau shi ne mai shara a shagon Malam Isuhu da ke gindin dutse. A shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da ake kira saba, ita ke riƙe da shafin garin a yanar gizo. Kafin Sallah tsofaffi sukan zo a naɗi muryarsu, ran Sallah kuma 'ya'yansu na ƙetare su buɗe su ji gida. Kai, an yi zamani mai daɗi! A shekarar nan Goggo, da jiki ya fara ƙi, ta dogara sanda ta zo aka naɗi tata. Kowa ya san Sallau ba ya samun sukunin shiga shagon kwamfuta sai ran Sallah, saboda haka Malam Isuhu ya ƙudura shafin ba zai ɗauke ba ranar.

Wata rana ya ce, "Nomau, yanar gizo ɗaya ba ta ishe mu ba, sai mun ƙara." Nomau ya ce to. Washegari Malam Isuhu ya buɗe shago ya tarar da gizo-gizo sun mamaye teburi, wani ma na lilo a kan butar shayinsa. "Daga rumbunmu na kwaso su," in ji Nomau. "A yi musu haƙuri, baƙunta ce, gobe za su fara saƙa."

Wata rana aka aike shi birni. "Ka je ofishin waya ka kamo mana layi na biyu." Ya tafi tun hantsi, bai dawo ba sai la'asar sakaliya, hannu rabbana. Ya ce ya kama layi na biyun, har ya zo gaba, da aka tambaye shi abin da yake so ya ce shi layin kawai aka ce ya kama, sai ya ba na bayansa wuri. Malam Isuhu ya yi salati, ya hau babur ya je da kansa.

Wata rana ya zaunar da shi, ya nuna masa ƙananan akwatuna biyu masu batir, kowanne da layinsa. "Ka ga wannan na'urar ta tsakiya? Ita ce mai lura. In layin farko ya faɗi, sai ta juya kan na biyu da kanta." Nomau ya jinjina kai, tausayin na farkon ya kama shi. Da yamma ya ɗauko matashin Goggo ya shimfiɗa a ƙarƙashin teburin, don in ya faɗi kada ya ji ciwo. Goggo ta kwana tana mita, kanta a kan dami.

Wata rana, jajiberin Sallah, Malam Isuhu zai tafi garin surukansa, mota na jiransa, ya ga akwatunan a cukuikuye wuri guda. Ya jefa wa Nomau naɗin doguwar waya. "Raba su. Ɗaya gabas, ɗaya yamma." Tagogin shagon yake nufi. Nomau ya ajiye na farko a tagar yamma, ya jona na biyu, ya nufi gabas. Ya fita ta ƙofar baya, ya ratsa garken awaki, ya kama hawan dutse yana warware waya, har ta ƙare a can ƙoli. Ya kifa masa tukunya, ya danne da dutse.

Da asubar Sallah aka yi iska da ruwa, dogon ƙarfen sabis na garin ya mutu murus. Duk wayar da ke Tudun Gawo ta zama dutse. Malam Isuhu ya dawo a guje, ransa a ɓace, don sai a hanya ya tuna layukansa biyu duk ƙarfe ɗaya suke kamawa. Da ya buɗe shago sai ya ga fitila kore tana ƙyaftawa. Ya bi waya har kan dutse ya ɗaga tukunya. Daga can sama akwatin yana hango ƙarfen garin da ke bayan dutsen, wanda ba a taɓa kamawa daga ƙasa ba.

A ranar Sallau ya buɗe shafin a Jidda, ya ji muryar da ba ta taɓa kiran sunansa ba tana cewa, "Sallau. Na yafe maka. Tuwonka na nan." Ya rubuta a ƙasa, "Na ji, Goggo, ina tafe." Malam Isuhu ya je har gida ya karanta mata, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sallau ya iso bayan girbi, ya ci tuwon nan daga hannunta, kafin damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu shagon ya zama wurin sayar da taki, amma tukunyar tana nan a kan dutse. Sallau, da furfurarsa, yakan hau ya zauna kusa da ita. Ya taɓa tambayar ƙanensa yadda aka yi ya san nan ne wurin.

"Ni ban sani ba, Yaya," in ji Nomau. "Gabas aka ce. Da waya ba ta ƙare ba, ai da har wurinka zan kawo shi."