Ruwan Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da bakina ya kore ni daga aikin da ban ma fara ba. Shekara uku ina zaune a Haɗejia da digirin tattalin arziki a ƙarƙashin katifa, sai wata kwaleji mai zaman kanta ta nemi malami. Aka ce in zo in yi darasin gwaji a gaban kwamiti.

Na ce to, yau za su san an yi boko. Kwana biyar ina jawo bayanan kasuwar hannun jari na shekaru goma daga intanet zuwa jadawalin kwamfuta: hannun jari nawa aka yi cinikinsu kullum, da tazarar farashin mai saye da mai sayarwa, har da takardun zaɓin saye (waɗanda ni kaina da ƙyar na gane su). Abin da nake son nunawa shi ne sauƙin sayar da haja ba tare da ta faɗi ba. Turawa suna kiran wannan da wata kalma mai nufin abu mai ruwa-ruwa, ni kuwa gwanin fassara na raɗa masa "ruwan kasuwa".

Shugaban kwamitin Alhaji ne mai makarantar, dattijo manomin shinkafa daga Auyo. Kowa a garin ya san ambaliya ta cinye gonakinsa a daminar shekarar. Ni ma na sani, amma rawar kai ta mantar da ni.

Na haska jadawalina a bango, na nuna inda layi ya hau, na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga shekarar da ruwa ya fi yawa, ita ce ta fi albarka. Fatanmu kullum ruwa ya ƙaru."

Alhaji ya cire tabarau.

"Yaro, wane ruwan kake mana fata? Na kogi, ko kuɗin ruwa da Allah Ya haramta?"

A nan ya kamata in ba da haƙuri in yi bayani. Ina! Sai na ji bakina ya ce, "Ai Alhaji, wannan ruwan sai wanda ya yi karatu."

Ya mayar da tabaransa a hankali. "To madalla. Mu jahilai mun gode."

Aka ba wani da ya zo da alli kawai aikin. Har yau abin yana ci mini rai, don jadawalin nan babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Yanzu ina tsaron shagon yayana, kuma na koyi darasina: kafin ka buɗe baki a gaban mutum, tuna abin da ya kwana yana yi wa kuka.